Gardamar Masana Zane a Jarrabawar GRE

Shirinmu na musamman na yau na ɗaliban da suka kammala digiri na farko ne, suke neman gurbin digiri na biyu ko na uku a Amurka.

Jami'o'i da dama a can suna neman sakamakon wata jarrabawa mai suna GRE, wadda hukumar ETS da ke Princeton a jihar New Jersey take shiryawa. Wasu sun daina nema, don haka a bincika kafin a biya kuɗi. Tun watan Satumba na 2023 aka rage tsawon jarrabawar, yanzu ba ta cika awa biyu ba. Ɓangaren fahimtar Turanci tambayoyi 27 ne cikin minti 41, maki kuwa daga 130 zuwa 170. Kusan rabin tambayoyin a kan nassi suke: a ba ka rubutu, ka karanta, ka amsa. Nassin kan fito daga kimiyya, ko zamantakewa, ko adabi da fasaha. To, a nan ne gaban injiniya kan faɗi, idan ya ga an kawo masa labarin wani mai zane da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakansa.

Ni kuwa a ganina, babu nassin da ya kai na tarihin zane kyau wajen atisaye. Masana wannan fanni ba sa rabuwa da gardama. Wa ya zana wannan? Yaushe? Wa ya kwaikwayi wani? Abin da jarrabawar ke aunawa ke nan: ka iya raba muryoyi, ka san wa ya faɗi, wa ya musa, kuma ina shi marubucin ya tsaya.

Bari mu gwada da wani labari na gaskiya. Johannes Vermeer ɗan ƙasar Holan ne, ya rasu a 1675, zane-zanensa da aka sani ba su kai arba'in ba. A 1937 aka kai wa Abraham Bredius, dattijon da ake ji da shi a sanin zanen Holan, wani zane mai nuna wani labari na Linjila. Ya duba, ya ce na Vermeer ne, har ma shi ne gwanintarsa mafi girma. Aka saye shi da kuɗi masu yawa, aka rataye a gidan tarihi na Boijmans da ke Rotterdam. Sai da yaƙin duniya ya ƙare a 1945 asiri ya tonu. An sami wani zanen da ake cewa na Vermeer ne a cikin kayan Hermann Göring, ɗaya daga manyan 'yan Nazi, aka bi sawu har kan wani mai zane, Han van Meegeren. Da ya ga ana shirin tuhumarsa da haɗa kai da abokan gaba, sai ya ce shi ya zana wannan zanen da na Boijmans da hannunsa. Tsohon kyallen zane na ƙarni na 17 yake samowa, ya haɗa fenti da wani sinadarin roba, ya gasa a tanda har ya yi tauri kamar ya shekara ɗaruruwa. Aka sa shi ya zana wani a gaban masu tsaro. A 1947 kotu ta ɗaure shi shekara ɗaya, ya mutu kafin ya shiga kurkuku.

Yanzu ku saurari ɗan nassin da muka shirya a kan labarin, irin yadda jarrabawar kan tsara nata: "An daɗe ana cewa tsufa ne ya sa Bredius ya ruɗu, domin ya haura shekara tamanin. Sai dai wasu masanan da ba su kai shi shekaru ba su ma sun amince da zanen. Mai yiwuwa abin da ya fi tasiri shi ne, masana sun daɗe suna tsammanin Vermeer ya yi zanen addini da ba a gano ba tukuna, sai aka kawo musu abin da suke jira."

Ga tambaya: me ya sa marubucin ya ambaci sauran masanan? Ku ɗan yi tunani.

Wani zai zaɓi amsar da ta ce don a nuna gashin tanda ya yaudari kowa. Gaskiya ne an gasa zanen, ni na faɗa muku ɗazu, amma nassin bai faɗa ba. Wani zai zaɓi wadda ta ce don a nuna masana zane duk ba abin dogaro ba ne. Wannan ta wuce gona da iri. Marubucin da ya ce "mai yiwuwa" bai yanke wa kowa irin wannan hukunci ba. Wani kuma zai ɗauki wadda ta ce tsufa ne sanadi, saboda ya ga kalmar a layin farko, ya manta cewa ra'ayin wasu ne aka kawo don a rushe shi. Amsar ita ce: an ambace su ne don a raunana bayanin farko. Jimlar nan aiki aka sa ta, kuma aikin ake tambayarka, ba abin da ta ƙunsa ba.

Tarkon farkon nan ya fi kama masu ilimi. Mu ɗauka an kawo wa ɗan Najeriya nassi a kan kawunan tagulla na Ife, da yadda Bajamushe Leo Frobenius ya je can a 1910, ya ƙi yarda aikin kakannin mutanen wurin ne, ya jingina shi ga ɓatacciyar ƙasar Atlantis. Ran ɗalibi zai ɓaci, kuma da hujjarsa. Sai hannunsa ya tafi kan amsar da ta fi caccakar Frobenius, alhali ƙila marubucin cikin sanyin murya ya ce Frobenius ya yi kuskure. Mai amsa wannan jarrabawa kamar alƙali ne: abin da aka faɗa a gabansa yake hukunci da shi, ba abin da ya jiyo a gari ba.

Atisayen ba ya buƙatar kuɗi. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York yana da gajerun maƙaloli na tarihin zane kyauta a intanet. Ɗauki sakin layi ɗaya. Kowace jimla ka tambayi kanka: muryar wa ce wannan, ta marubuci ko ta wanda yake ba da labarinsa? Ka ja layi a inda magana ta juya, da inda marubuci ya sassauta. Sannan ka kife wayar, ka faɗi gardamar da Hausa cikin jimla ɗaya. In ka kasa, ba ka gane ba, ko da ka san ma'anar kowace kalma. Sunayen masu zane kuwa kada su tsayar da kai. Harafin farko ya isa ka riƙe.

Idan hannu ya faɗa, sai a koma kan tambayoyin gwaji na ETS ɗin kanta, da agogo a gefe, kusan minti ɗaya da rabi ga kowace tambaya. A lura da irin wadda ake ba da zaɓi uku a ce a ɗauki duk waɗanda suka dace: in ka bar ɗaya, ko ka ƙara ɗaya, babu maki ko kaɗan. Amma ba a rage maki don an amsa ba daidai ba, saboda haka ko lokaci ya ƙure, kada a bar tambaya babu amsa.