Ƙarfen Juya Rago: Dabarar da ke Bayan Gashin Biki a Briqueterie

Duk wanda ya taɓa shiga unguwar Briqueterie da ke Yawunde, babban birnin Kamaru, da yamma, ƙamshin tsire ne zai fara yi masa maraba. Unguwar ta samo sunanta ne daga masana'antar bulo ta zamanin mulkin Jamus, kuma ta daɗe da zama matattarar Hausawa, inda mahauta suka yi suna wajen gashin nama, wanda mutanen ƙasar ke kira soya.

To amma tsinken tsire ba ya ɗaukar rago sukutum. Idan biki ya zo, ko suna, ko walima, sai a nemi ƙarfen juyi, kuma a nan ne mai walda ke shigowa.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ana samun miƙaƙƙen ƙarfe mai kauri, tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi, a fiƙe bakinsa ɗaya, a lanƙwasa ɗaya bakin ya zama mariƙi irin na injin markaɗe. Sai a ƙera ƙafafu biyu masu gwafa hawa-hawa, domin a ɗaga naman ko a sauke shi gwargwadon ƙarfin wuta. Akwai kuma ƙugiyoyi biyu masu noti da ke cafke ƙirji da cinya. In babu su, ƙarfen ne zai riƙa juyawa shi kaɗai, ragon na zaune wuri ɗaya, gefe guda ya ƙone, ɗayan kuma ɗanye.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen neman araha. Bututun ruwa mai rufin zinki da gangar da aka taɓa zuba fenti ko sinadari a ciki ba su dace da wuta ba, domin suna fitar da hayaƙi mai cutarwa. Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ya fi, ko da yake da tsada.

Haka kuma garwashi a gefe ake jera shi, don kada kitse ya ɗiga wuta ta tashi. Rago kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar ana juya shi a hankali.

Don haka mai shirin biki ya duba ƙarfen kafin ya sayi ragon, domin araha ba ta ado.