Tafiyar Leda Zuwa Teku

A zamanin dā, in mutum ya sayi ƙosai ko dafaffen rogo, a cikin ganye ake ƙunshe masa. In ya ci ya yar da ganyen, kafin damina ta wuce ya ruɓe ya zama taki. Leda kuwa ba haka take ba. Daga man fetur ake yin ta, ita da sauran kayan roba. Gara ba ta cinta, ƙasa kuma ba ta narkar da ita.

To, ina ledar da aka yar take zuwa? A ce yaro ne a Kaduna ya sha ruwan leda, ya jefar da ita bakin hanya. Ran da aka yi ruwa, sai ruwan ya kwashe ta ya kai lambatu, lambatu ya kai rafi, rafi ya zuba cikin Kogin Kaduna. Kogin Kaduna ya miƙa ta ga Kogin Kwara a ƙasar Nufe. Kwara ya gamu da Binuwai a Lakwaja, su gangara kudu tare har Tekun Atlantika. Amma ba kowane kogi ke kai wa teku ba. Ruwan Kano da na Haɗeja Tafkin Cadi yake nufa.

Cikin wannan doguwar tafiya ledar ba ta zama yadda take. Rana tana dukanta har ta yi rauni, duwatsu da yashi suna gurzarta. Sai ta yage, gutsattsarinta su yi ta farfashewa, har su koma kamar tsaki. Mai duban ruwa sai ya ce ta ɓace, alhali kuwa tana nan, rarrabuwa kaɗai ta yi. Duk guntun robar da bai kai milimita 5 ba, watau misalin ƙwayar dawa ko abin da ya gaza haka, shi masana ke kira ɓarɓashin roba. Waɗansu ma ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani malami na birnin Plymouth a Ingila, Richard Thompson, shi da abokan aikinsa ne suka ja hankalin duniya ga wannan ɓarɓashi a 2004.

Har wa yau, ba daga leda kaɗai yake fitowa ba. Tayar mota tana cinyewa bisa kwalta, tufafin nailan kuma suna zubar da ƙananan zare wajen wanki. Duka ruwa ke kwashewa.

A 2017 waɗansu masana na ƙasar Jamus suka lissafta koguna 10 da suka ga sun fi kai roba teku. Takwas suna Asiya, biyu suna Afirka, watau Nilu da Kwara. A 2021 wani binciken ya nuna ashe ƙananan koguna masu ratsa manyan birane su ma babban kaya suke ɗauka, har aka ƙidaya koguna fiye da 1,000.

Abin tausayi shi ne kifi. Shi bai san roba ba, in ya ga ɓarɓashi yana yawo cikin ruwa sai ya zaci abinci ne ya haɗiye. Cikinsa ya cika, amma jikinsa bai sami kome ba. Babban kifi ya cinye ƙarami, masunci kuma ya kama babban ya kai kasuwa. An sami ɓarɓashin nan cikin gishirin da ake yi da ruwan teku. A 2022 kuwa masana a ƙasar Holan suka same shi cikin jinin mutane.

Leda tun tana ɗungurungum ko ƙaramin yaro yana iya tsince ta. In ta zama tsaki cikin teku, babu tarun da zai tattaro ta. Saboda haka ne waɗansu ƙasashe suka tare abin tun daga tudu. Ruwanda ta hana amfani da jakar leda a 2008, Kenya kuma ta bi bayanta a 2017.