Gyara Iyakokin Faifan Kwamfuta Bayan An Sa Sabo

Faifan ajiya na kwamfuta a yanke yake yanki-yanki, masu gyara kuma suna kiran kowane yanki fatishan. Waɗanda mai kwamfuta ke gani suna da harafi: C, inda Windows take zaune, sai D ko E, inda ake tara takardu da hotuna da karatuttukan malamai. Akwai kuma ƙananan yankuna marasa harafi. Ɗaya na tayar da kwamfutar, ɗaya kuma na ɗauke da kayan ceto Windows idan ta ƙi tashi.

Laftof da yawa da ke hannun ma'aikatan Sakatariyar Jiha da ke Gwadangaji da ɗaliban kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi na hannu ne, sukan zo da tsohon faifai mai juyawa ko ƙaramin SSD. Idan wuri ya ƙare sai a sayi babba, mai gyara ya kwafe tsohon kacokan zuwa sabon da manhaja irin su Clonezilla. Sau da yawa kwafin kan ɗauko tsofaffin iyakokin yadda suke. Mutum ya biya kuɗin gigabayit 512, ya kunna, ya tarar C tana nan cike, ragowar faifan kuma na zaune ba a ba kowa ba.

Wani gibin ma ba matsala ba ne. Kamfanoni na lissafi da 1000, Windows da 1024, shi ya sa faifan 500 ke nuna kusan 465, na terabayit ɗaya kuma 931. Ba a cuci mai saye ba.

Windows na da wurin gyaran iyaka mai suna Disk Management, inda umarnin Extend Volume ke faɗaɗa yanki. Sai dai yana da sharaɗi: dole sararin ya kasance manne da yankin ta hannun dama. Kamar gonar shinkafa ce a fadamar Rima: manomi na iya ƙara faɗinta zuwa filin da ke jikin kunyarsa, amma ba ya tsallake gonar maƙwabci. A yawancin kwamfutoci masu Windows 10 da 11, yankin ceto ne ke zaune tsakanin C da sabon sararin, sai umarnin ya dushe, ya ƙi dannuwa.

A nan ne mai gaggawa ke share yankin ceton. Kuskure ne, domin ranar da Windows ta ƙi tashi shi za a nema a rasa. Abin da ya dace shi ne a matsar da shi can ƙarshen faifan da manhaja kamar GParted, wadda kyauta ce kuma ana tayar da ita daga filashi, sannan a faɗaɗa C. Yana da kyau a ƙara masa ɗan wuri tun da an taɓa shi. A watan Janairun 2024 wani sabuntawar Windows 10 ya ƙi shiga kwamfutoci masu yawa a duniya saboda yankin cetonsu ba shi da sararin megabayit 250.

Haɗe C da D kuwa, Windows ba ta haɗa su da kaya a ciki. Sai an kwashe abin da ke D zuwa wani faifai, a share D, C ta cinye filinta. Kafin a yi haka a duba amfanin rabuwar. A shagunan gyara, maganin yawancin cututtukan kwamfuta shi ne fomatin, kuma C ake gogewa. Wanda ya ajiye aikin kammala karatunsa a D yakan tsira da shi. Don haka ƙara wa C wuri a bar D da ranta ya fi haɗe su.

Tsarin teburin yankunan ma abin lura ne. Tsohon, MBR, tun 1983 ake amfani da shi. Manyan yankuna huɗu kawai yake ɗauka, kuma ba ya wuce kimanin terabayit biyu. Sabon, GPT, na ɗaukar har 128 a Windows, kuma shi Windows 11 ke bukata. Tun 2017 akwai umarnin MBR2GPT da ke sauya tsarin ba tare da goge kaya ba. Amfaninsa ya ƙaru tunda Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, domin mai komawa Windows 11 sai faifansa ya zama GPT.

Matsar da yanki na nufin kwashe bayanai daga wuri zuwa wuri, kuma idan kwamfuta ta mutu ana cikin haka, yankin na iya lalacewa gaba ɗaya. Batirin laftof na hannu sau da yawa ya gaji, wuta kuma ba ta sallama kafin ta ɗauke, don haka a yi aikin da cikakken caji ko a kan sola. Idan faifan na kulle da BitLocker, a kwance kullen tukuna, a kuma rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda. Tsohon faifan a ajiye shi yadda yake har sai sabon ya yi makonni yana aiki lafiya, sannan a sa shi a akwatin USB ya zama ma'ajin kwafi.