Mai Haɗa Kwamfuta, Kafin Ka Sayi RAM Duba Madabod

A 'yan shekarun nan matasanmu na zango da dama sun gano cewa sayen kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya a haɗa ta a gida ya fi sauƙin kuɗi a kan sayen haɗaɗɗiya. Wannan abin yabo ne, sai dai mun lura akwai wuri guda da ake yawan yin asara, wato wajen sayen RAM. Yaro zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya je kasuwa ya sayo, ya dawo gida abin ya ƙi shiga raminsa, mai shago kuma ya ce ba a mayar da kaya.

Ita RAM kamar teburin tela take. Rumbun ajiya, wato SSD ko hadi-dis, shi ne akwatin da yadi yake, amma a kan tebur ake shimfiɗawa a yanka. In teburin ƙarami ne, sai tela ya yi ta ninkewa yana warwarewa, aiki ya yi nawa. In an kashe wuta kuwa, duk abin da ke kan teburin nan sai ya goge.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne RAM iri-iri ce, kuma wani iri ba ya shiga ramin wani. DDR3 ta fito a 2007, tana da haƙora 240. DDR4 ta biyo baya a 2014 da haƙora 288. DDR5 ta shiga kasuwa sosai a 2021, ita ma haƙoranta 288, amma tsagar da ke ƙasanta ba a wuri ɗaya take da ta DDR4 ba. Babban faifan da ake dasa komai a kansa, wato madabod, shi ke da ta cewa. Madabod mai soket AM4 na kamfanin AMD DDR4 yake karɓa, mai AM5 kuwa DDR5 kaɗai. Na Intel mai soket LGA1700 akwai na DDR4 akwai na DDR5, don haka sai an karanta abin da aka rubuta a jikinsa ko a kwalinsa. Kada a danna da ƙarfi in ta ƙi shiga, domin garaje ba ya gyara kuskure.

Sannan a kula da wasu iri biyu da suke yawa a cikin kayan hannu. Akwai gajeriyar RAM ta laftof da ake kira SO-DIMM, wadda ba ta dace da ramin madabod na tebur ba. Akwai kuma ta manyan kwamfutocin kamfanoni mai alamar RDIMM, wadda ake sayarwa da araha, amma madabod na gida ba ya tashi da ita. Arahar da ba ta da amfani ai tsada ce.

Abu na biyu shi ne yawa. Windows 11 tana buƙatar aƙalla gigabait 4, amma wannan na tashi ne kawai. Ga ɗalibi ko mai shagon buga takardu, 8 za ta yi aiki, 16 kuwa ita ce kwanciyar hankali. Mai tace bidiyo shi ne zai nemi 32. In za a sayi 16, gara a sayi guda biyu masu 8 iri ɗaya, domin yawancin madabod suna aiki da hanyoyi biyu a lokaci guda. A madabod mai ramuka huɗu, galibi rami na biyu da na huɗu ake fara cikawa, littafin madabod zai tabbatar.

Game da gudu, DDR4-3200 ta wadatar da mai ƙaramin ƙarfi. In aka haɗa mai sauri da marar sauri, dukansu za su koma tafiyar marar saurin. Fitilu masu launi da ake ƙawata wasu da su ba sa ƙara komai sai farashi. Mu tuna kamfanoni uku ne, Samsung da SK Hynix da Micron, suke ƙera mafi yawan ƙwayoyin da ke jikin RAM a duniya, ko da wane suna aka manna a kai. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashewa, abin da ya ƙara tura talaka wajen kayan hannu.

Sayen na hannu ba laifi ba ne, domin RAM ba ta saurin lalacewa. Amma a je da madabod ko a rubuta lambarsa a takarda, a sa mai shago ya gwada a gaban ido, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa kafin a miƙa kuɗi. In an isa gida a gwada ta da manhajar MemTest86, wadda ake samu kyauta, a bar ta ta yi zagaye da yawa. Kuskure ko ɗaya ta nuna, a mayar da kaya tun da wuri.

Muna kira ga iyaye da yayye masu taimaka wa yara da kuɗi su tambaye su lambar madabod kafin su buɗe aljihu. Allah ya sa wa neman kowa albarka, amin.