Sarki Tanimun da Itacen Gawo

Duk wanda ya bi gonakin Magarya, Matamaye da Mirriya da rani zai ga abin sha'awa. Ciyawa ta bushe, ƙasa ta yi fari, amma gawo na tsaye kore shar. Wannan itace yana da tarihi a ƙasarmu, kuma tarihin ya haɗa da sunan wani sarki. Yau za mu kawo muku labarin Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaiman, da abin da ya bar wa manoma.

Wane ne Tanimun?

Tanimun ɗan sarki ne. Ya yi jayayyar sarauta da ɗan'uwansa Ibrahim kafin mulki ya tabbata a hannunsa. Ya yi wajen shekara 30 bisa gadon sarauta, ya rasu a 1884. A wancan lokaci Damagaram tana ƙarƙashin Barno, amma Tanimun ya ƙarfafa ƙasar har maƙwabta suka riƙa shakkarta. A zamaninsa aka kewaye Birnin Zinder da ganuwa. Maƙera suka ƙera igwa a cikin gari. Ayarin raƙuma daga Tarabulus da Agadas suna yada zango a nan kafin su wuce Kano.

Amma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mayaƙi sai ya ci, doki sai ya ci, fatake ma sai sun sami guzuri. Duk wannan abinci daga gona yake fitowa: daga zakkar hatsin talakawa, da kuma gandayen sarauta waɗanda bayi da talakawa ke nomawa. Ƙarfin sarki yana cikin rumbu. Tanimun ya san haka sarai.

Dokar gawo

Dattawa sun ba da labari, masu bincike kuma sun rubuta, cewa Tanimun ya kafa doka mai tsanani a kan gawo. Wanda ya sare shi, hukuncinsa kisa. Wanda ya sassare shi ba bisa dalili ba, a yanke masa hannu. Hukunci ne na wancan zamani, kuma ba mu fatan ya dawo. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne: me sarki ya gani a jikin gawo har ya ba shi wannan daraja?

Amfanin gawo a gona

Gawo ya saba wa sauran itatuwa. Da damina ta faɗi sai ya zubar da ganyensa. Saboda haka inuwarsa ba ta danne shuka. Ganyen da ya zuba yana ruɓewa ya zama taki a daidai lokacin da hatsi ke bukatarsa. Da rani kuma sai ya yi sabon ganye. Dabbobi su zo su kwanta a inuwarsa, su bar taki a wurin. Ƴaƴansa abinci ne mai kyau ga tumaki, awaki da shanu a lokacin da ciyawa ta ƙare. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa da nisa, ba ta cika rabon ruwa da shuka ba. Yana kuma rage ƙarfin iskar da ke binne sabon tsiro da rairayi. Ku duba gindin gawo da kaka: zangarniyar wurin ta fi ta fili.

Wannan magana ta shafi lafiya. In rumbu ya cika, akuya kuma ta ƙoshi ta ba da nono, tamowa tana nisantar yaranmu. Mata ma suna samun itacen girki daga rassan da aka rage, ba sai sun yi doguwar tafiya ba.

Yadda gawo ya ragu

Faransawa sun kama Zinder a 1899. A 1935 suka kafa dokar daji, wadda ta sa itatuwa a hannun hukuma. Bayan samun ƴancin kai, dokar 1974 ta bi wannan sawu. Niyyar kare itace ce, amma manomi ya ga kamar itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne. In ya rage reshe, yana tsoron tara. Sai mutane da yawa suka gwammace su sare tsiro tun yana ƙarami. Ga yawan jama'a, ga noman gyaɗa da ya buɗe filaye. Sannan fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984. Gonaki suka zama fili fetal.

Yadda ya dawo

Bayan 1984 manoma suka sake tunani. Suka fara barin tsiron da ya fito da kansa, suna gyara shi. Shi ne ake kira sassabin zamani. Wani bincike na 2006 ya nuna cewa a Magarya, Matamaye da Mirriya itatuwa sun dawo a wajen hekta miliyan 1, mafi yawansu gawo. In an haɗa da yankin Maraɗi, an ƙiyasta wajen hekta miliyan 5. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Abin da za mu yi bana

1. Lokacin sassabe, kada mu sare kowane tsiro. Mu zaɓi masu ƙarfi, mu bar su.
2. A kowane kututture, mu bar reshe kaɗan masu miƙewa, mu cire sauran.
3. Mu yi aiki da kaifin gatari ko adda, muna sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage.
4. Mu ɗaura tsumma a jikin tsiron, don kowa ya san mai shi na sonsa.
5. Kada mu kunna wuta kusa da shi. Mu kewaye shi da ƙaya saboda awaki.
6. Mu zauna da mai gari da makiyaya, mu yi yarjejeniya kan sara da kiwo.

Ƴan'uwa manoma, a zamanin Tanimun tsoron takobi ne ya tsare gawo. Yau ba takobi, sai sanin amfani da tabbacin cewa itacen namu ne. Duk mai neman shugabancinmu, daga kansila har ɗan majalisa, mu tambaye shi abin da zai yi wa gona da itacenta. Mu kuma kowa ya raina ko da gawo biyar a wannan shekara. Allah ya ba mu damina mai albarka.