In Jimla Ta Saɓa Da Rukunai A Takardar Ƙidaya

Sau da yawa malamin hakimi yakan tara adadin maza da na mata da na yara, ya tarar bai yi daidai da jimlar da dagaci ya aiko ba. A ce daga wani ƙauye na ƙasar Gaya ko Ajingi an rubuta mutum 900, amma rukunan sun ba da 870. Malami mai gaggawa sai ya ƙara 30 cikin layin mata don takarda ta yi kyau. Wannan haramun ne ga aikin, gama ya ɓoye ɓaraka ne bai ɗinke ta ba.

Ya kamata ya sāke tarawa tukuna, sa'an nan ya koma ga takardun masu unguwa ɗaya bayan ɗaya. Galibi a can ake samun dalili: Fulanin da suka tashi, ko 'yan cin rani, ko almajiran da aka sa cikin jimla amma ba a ba su layi ba, ko kuwa matan kulle da maigida ya faɗi yawansu bai faɗi shekarunsu ba. In an bincika ba a gano ba, sai a bar adadin biyu yadda suke, a rubuta bambancin a ƙasa, hakimi ya sa hannu.

Hakimai su tuna an soke ƙidayar Nijeriya ta 1962 saboda gardamar adadi, aka sāke a 1963. Ta 1973 ma soke ta aka yi.