Ina ungulayen Fagge suka tafi?

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tashar nan da ke kusa da Fagge da Sabon Gari ta saba sallamar arziƙin Arewa zuwa Legas: gyaɗa, ƙirgi da fata. Ungulu kuwa ba ta taɓa cikin lissafin kaya ba. Tana can Abbatuwa tana jiran mahauta su zubar da tumbi da guntun hanji, ta share wurin tas, ba albashi. Dattawan Fagge sun san haka. Yau ɗaga kai sama ka ƙirga.

A 2015 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa wannan ungulun tamu ta gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya tak take sakawa a sheƙa, don haka duk wadda aka kashe, cike gurbinta sai an daɗe. Kashe ta kuwa ana yi, saboda kanta da ƙafafunta sun zama haja a shimfiɗar 'yan magori, ana busar da su a yi safararsu har kasuwannin Kudu. A Gini Bisau guba aka zuba wa ungulaye a 2020, kusan 2,000 suka mutu. Indiya ta riga mu ɗanɗana kuɗarta: maganin dabbobi diclofenac ya hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayenta, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, kafin a haramta maganin a 2006.

Za a ce talaka na fama da abin sawa a tukunya, wa yake ta tsuntsu mai sanƙo? Maganar tana da nauyi, kuma ban ga amfanin tasa ƙeyar mai shimfiɗa alhali mai saye yana zaune lafiya ba. Wanda ke biyan kuɗi a kawo masa kan ungulu don neman kujera ko kasuwa ba yunwa ce ta kai shi ba. Shi ya kamata dokar kare namun daji ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta fara nema.

Suratul An'am ta nuna mana tsuntsaye ma al'ummomi ne irinmu, ba ta ware kyawawa ba. Malamanmu na masallatan Juma'a, wannan huɗuba taku ce.